Goyon da Baba Ya Yi a Dajin Bama

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Kofur Mamman, in ƙirgen damina bai ruɗe ni ba. Ban yi boko ba, 'yata ce ke riƙe da biro, amma bakin nawa ne. Ya bar mana gona a gefen Roni, da lambar yabon da Turawan Ingila suka maƙala masa a ƙirji bayan yaƙin Bama. Lambar na hannuna, a ƙulle cikin tsumma. Yanzu ƙafata ta yi nauyi, 'ya'yan ƙannena sun ce in faɗi wanda zai gaje ta tun ina da numfashi.

Su sun riga sun zaɓa. Sun ce a ba Nasiru, ɗan danginmu da ya shiga soja, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bakinsu Baba mutum arba'in ya kashe shi kaɗai. Kowace shekara sai gawarwakin su ƙaru. Da yana nan, da ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tufkar igiyarsa. To, bari in faɗi abin da na ji da kunnena.

Muna yara, duk kaka akwai wani Bafillace mai ɗingishi da ke tahowa daga wajen Gwiwa, Buba sunansa, da ƙwaryar man shanu. Tun daga bakin zaure yake ɗaga murya, “Inna, ɗanki ya zo gaisuwa!” Baba ya ce, “Shigo, ɗan nema. Har yau ba a yaye ka ba?” Su yi ta dariya. Mu dai ba mu da bakin tambaya.

Sai da na haifi 'yar fari, zazzaɓi ya kwantar da ni a gida. Yarinya ta yi ta tsala kuka, mata duk suna gona. Na buɗe ido na ga Baba, da furfurarsa, ya sunkuya ya aza ta a baya, ya ja zane, ya ɗaure majanyi tamau, ɗaurin da ko ungozoma sai haka. Ya ce, “Kada ki yi mamaki. Wannan ɗaurin ne ya ba ni ƙarfen can.”

Ashe uwarsa ta rasu yana ƙarami, shi ya goyi ƙanwarsa har ta yi ƙafa. Tare suka yi yaƙin Bama da Buba. Ranar da harsashi ya fasa cinyar Buba a bakin wani rafi, wutar bindiga ta hana kowa miƙewa, balle a ɗauki mutum a kafaɗa. Baba ya rarrafa ya isa gare shi, ya goya shi da bargo, ya keta rigarsa ya yi majanyi, hannuwansa suka samu damar rarrafe. Haka ya ja ciki ya dawo. Ya koma sau biyu, ya goyo wasu. Bature ya kira abin jarumta, abokai suka kira shi Inna. Da ya dawo gida kunya ta rufe masa baki: a ce namiji, soja, goyo ya je yi?

Nakan ce, me zai ce da zamanin nan, da kowa ke son a san ƙarfinsa? Ina jin babur ɗin jikana Sule zai tsaya kallo. Sule ɗan acaɓa ne, a taron dangi ba a tambayar ra'ayinsa. Daminar bara maciji ya sari wani tsoho a gona, hanya ta yanke, mota ba ta shiga. Sule ya karɓi zanen wata mata, ya ɗaure tsohon a bayansa, ya kai shi asibiti a Kazaure da ransa. Samari suka yi ta yi masa tsiya, “Mai jego, ina jaririn?” Da na ji, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Nasiru, Allah Ya tsare ka, Ya ba ka taka lambar. Wannan dai ta masu goyo ce, Sule zan ba.

Kakin Baba asu ya cinye, gonar an raba. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: har bana jikokin Buba sun kawo man shanu, suna tambayar gidan Inna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ƙasa ta riƙe shi da sauƙi, yadda ya riƙe na bayansa.