Malamar da Ta Sa Na Ɓare Soson Bango

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, ina shago ina goge ƙafar tebur ƙaninki ya kira ni ya ce kin rasu, Malama, bayan jinyar kwana uku kacal. Na ajiye abin gugar na zauna a kan tarin katako. Abin kunya ne, amma zan faɗa: kafin in yi miki addu'a, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "To Auta fa?"

Auta 'yata ce, shekararta biyar, kuma kamar ke, ba ta taɓa ganin haske ba tun da aka haife ta. Ni kafinta ne, sai na kare ta da abin da na iya. Na goge duk kusurwar da ke gidan, na shimfiɗa kafet har ƙofar banɗaki, na manna soson kujera a bangon falo da na ɗakinta don kada ta bugu. Ni da mahaifiyarta muna saɓa ta a kafaɗa duk inda za ta. Har alfahari nake yi da wannan aiki.

Ranar da kika fara zuwa, kika tsaya a tsakiyar falo da sandarki, kika buga harshe a ganɗa, tas, kika saurara. Sai kika ce, "Baban Auta, wa ya kashe ɗakin nan?" Na yi miki bayanin soson. Kika ce, "Sannu da ƙoƙari. Ka toshe mata duniya. Bango yana amsa mata, kai ka rufe masa baki."

Raina ya ɓaci, wallahi. Amma kika kama hannuna kika ɗora a ƙeyar yarinyar. Kika ce a kan masu ido, nan ne ƙwaƙwalwa take karɓar abin da ido ya aiko. A kanki da nata ido bai taɓa aiko da komai ba, wurin kuwa ba ya zaman banza, kunne da yatsu ne suke tarewa a ciki. Kika ba ni labarin yadda likitoci suka taɓa saka ki a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kina karatu da yatsu, suka ga wurin ganin yana aiki. Kika yi dariya kika ce, "Ashe shekara hamsin da ƙeya nake gani." Sannan kika daina dariya, kika ce kan yaro kamar gam ne kafin ya bushe, yanzu ne ya fi karɓar abin da aka ba shi. A ranar na ɓare soson da hannuna, ina ɓarewa ina hawaye.

Wata takwas kina zuwa duk Litinin da Alhamis. Kika koya mata buga harshe da sauraron amsar bango, ta ƙofa a buɗe, ta kwanon rufi. Kakarta har faɗa ta yi, wai an koya wa yarinya yi wa manya ƙwafa. Ranar da Auta ta faɗi a bakin ƙofa na zabura, kika tare ni da sanda kika ce, "Zauna. Gwiwarta ce, ba taka ba." Ta tashi. Bayan mako biyu ta taho daga ɗakinta har ƙofar gida ba wanda ya riƙe ta. Kika yi alkawarin saura titi, daga gida zuwa ƙofar makaranta, kafin a koma hutu.

Malama, titin nan yana nan, ba a fara ba. Na nemi wani malamin, an ce in jira, layin da tsawo. Na rufe ido a falo na buga harshe har ya yi tsami, ban ji komai ba, domin wurin a kaina ido ya riga ya mallake shi. Yaya zan koyar da abin da ba na ji? Tun da aka gaya wa Auta rasuwarki ta daina bugawa, ta koma riƙe ƙafar wandona tana cewa in ɗauke ta. Na ɗauke ta, Malama. Na san kin hana, na ɗauke ta. Tsoro nake ji gam ɗin ya bushe a hannuna.

Jiya Alhamis, daidai lokacin zuwanki, ta sauka da kanta ta tsaya a bakin falo. Ta juya wajen kujerar katakon da na yi miki, ta buga harshe sau ɗaya, ta saurara. Ta sake bugawa. Sai ta ce, "Baba, ba kowa a kai."

Ta ji daidai. Ke kika koya mata.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan baiwa Taka, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka cika shi da hasken da ba ta gani ba a duniya. Ga maigidanta, da 'ya'yanta, da ƙaninta da ya sanar da ni, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ku saka Auta a addu'a, Allah Ya kawo wanda zai kai ta ƙofar makarantar nan da ƙafarta. Amin.