Ungozomar Barmu a Ƙofar Gidan Kaso

Shekara talatin da ɗaya Habsatu ta yi tana karɓar haihuwa a ɗakin shan magani na Barmu. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, aikinta na hannu ne da ido. Da gwiwoyinta suka fara yi mata gardama, ɗanta Abdulrahim, malamin makaranta a Tawa, ya ɗauko ta ya ba ta ɗaki a gidansa, ya ce ta huta haka nan. Hutun bai wuce wata biyar ba.

Wata Lahadi ta shiga kasuwa sayen kuka da tattasai, ta tarar mata sun yi cincirindo, kowa na faɗin tata. Wai an kama wata ƴar aikatau ta haihu a kango bayan kasuwar dabbobi, ta kashe jaririn.

"Ƴar garinku ce ma," in ji mai tattasai. "Fiddausi, ɗiyar Garba maƙeri."

Habsatu ta ajiye kwandonta a ƙasa. Ita ta yanke wa Fiddausi cibiya, shekarar da fara ta cinye gero. Yarinyar ba ta cika shekara sha bakwai ba.

Sai da ta je gidan kaso sau uku kafin ta samu takardar shiga. Ta iske Fiddausi a rakuɓe jikin bango, nono ya jiƙa mata gaban riga, jikinta zafi rau. Habsatu ba ta tambaye ta komai ba. Ta roƙi ruwan zafi, ta gasa mata jiki, ta ɗaure mata ƙirji da ɗankwalinta, ta dama mata fura. Sai a zuwa na biyu yarinyar ta buɗe baki. Ɗan maigidan da take wa aiki ne ya yi mata cikin. Da ya fito fili, uwargidan ta watso mata kayanta waje. Kunya ta hana ta komawa Barmu, ta yi wata uku tana wanke-wanke wurin masu tuwon tasha, tana kwana a kangon.

"Inna, wallahi bai yi kuka ba."

"Cibiyar fa, ina take?"

"Ga wuya nai. Ta naɗe shi har sau biyu."

Habsatu ta sha ganin irin wannan, har a hannun likita ma ba kowane jariri yake rayuwa ba. Amma wa zai saurari tsohuwar da ba ta da takarda?

Ta fara yawo. A gidan ɗan kasuwar da Fiddausi ta yi wa aiki, uwargidan ta tsaya a bakin zaure ta ce sata yarinyar ta yi shi ya sa suka kore ta, ɗan kuma ya tafi Abijan. A kotu Habsatu ta zauna kan benci har sakataren ya haddace fuskarta, kullum ya ce dosiye, wato takardun ƙarar, bai iso ba, ta dawo wani mako. Ta hau mota zuwa Barmu, ta samu Garba a maƙera. Bai ɗago kai daga maƙerarsa ba.

"Ni ba ni da ɗiya Tawa. Wadda nis sani ta mutu."

Matarsa Tanna ce ta biyo ta bayan rumbu tana kuka, ta danƙa mata zane da ƙullin gero.

Wata goma sha tara aka yi kafin a kira shari'ar. Habsatu ta tsaya dafe da sanda, ta gaya wa alƙali yadda cibiya take shaƙe ɗa tun yana ciki, tafinta yana juya maganarta zuwa Faransanci. Aka sallami Fiddausi don ba a samu shaidar kisa ba. Ɗan maigidan kuwa ko sunansa ba a kira ba.

Habsatu ta kawo ta ɗakinta. Abdulrahim ya same ta a tsakar gida ya rage murya.

"Inna, ina da ɗiya mata cikin gidan ga. Mutane na magana."

"Su yi. Ni na ji kukanka na farko, na ji nata. Naka bai fi nata ba."

Ta saya mata kasko da wake, ta koya mata suyar ƙosai a ƙofar gida. Unguwa ta ƙi saye. Yara suka laƙaba mata "mai kango", suna faɗa suna rugawa. Fiddausi ta daina fita, ta koma wuni a ɗaki tana kallon bango. Wata rana Habsatu ta tafi gidan suna, ta dawo da azahar ta tarar babu yarinyar. Wata mata mai neman ƴan dahuwa ta tafi da ita wurin haƙar zinariya, can arewa da Agadas. Sau ɗaya ta kira a salula, ta ce, "Inna, nan ba wanda yas san ni." Bayan damina wani direba mai suna Talle ya zo da labarin cewa zazzaɓi ya kama ta, babu likita kusa, a can aka rufe ta.

Habsatu ta kai labarin Barmu da kanta. 

Tun daga wannan shekarar, da zarar an gama girbi, tana zuwa tashar da motocin Afala da Barmu suke sauke ƴanmata masu neman aikatau. Takan bi yarinya har gidan da za ta yi aiki, ta nuna wa uwargida fuskarta.

"Wagga jikata ce. Ina zuwa duba ta kowace Juma'a."

Wasu matan sukan yi mata shimfiɗa, wasu su rufe ƙofa a fuskarta. Bana ƴanmata tara take bi. Ɗaya an fasa mata baki da muciya, Habsatu ta kai ta kwamisariya wurin ƴan sanda, aka sasanta maganar ba da saninta ba. Wata kuma ta bar gidan aikinta tun watan azumi, har yau ba a san inda take ba.

A gidan kaso yanzu akwai wata yarinya, Lalla, daga arewacin Adar, ita ma kan zargin jariri. Ba ta jin Hausa sosai, Habsatu kuma ba ta jin Tamashek. Ɗan kabu-kabu ne yake ɗaga tsohuwar ya ɗora ta kan babur, don gwiwoyin sun daina lanƙwasuwa. Takan kai sabulu da fura, ta zauna kusa da yarinyar har mai gadi ya ce lokaci ya yi. Dosiyen Lalla bai iso wurin alƙali ba tukuna.