Ɗaurin Gidanmu

A Dayi na tashi, a hannun kakata Iya Mairo. Da kaka, in an yi sallar magariba, sai mu kewaye murhunta muna ɓarar gyaɗa, ita tana ba mu tatsuniya. Tana da wata ɗabi'a mai ƙona mana rai. In labari ya zo wurin daɗi, sai ta maimaita maganar sau uku, ta yi shiru, ta tura itace cikin wuta, mu kuma kamar mu yi kuka.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani saurayi da ya haye kogi neman noma, ya daɗe har harshensa ya juye. Da ya dawo da damin dawa a kai, uwarsa ta makance. Ya yi sallama da yaren can, aka ce a kore shi, baƙo ne. Sai tsohuwar ta ce a miƙo mata damin. Ta shafa igiyar, ta shafa, ta shafa. A nan Iya ke tura itacenta, sannan ta ce, "Wannan ɗaurin gidanmu ne. Ku buɗe wa ɗana."

Na girma na karanci Faransanci, na zauna a ƙasashen da ake jinsa, na rubuta waƙoƙi, daga baya littafin labari. Can ana yabona, nan gida ba mai iya karanta layi ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina tsoron ranar da Iya za ta ce na yar da bakinta na ari na wasu.

Da na kawo mata littafin, idonta ya riga ya yi rauni. Ta juya shi a hannu ta ce, "Maigida, duk wannan surutu naka ne? To karanto, ko ban ji ba na ji muryar."

Na fara karantawa, gumi na keto mini. Na zo wani wuri da na maimaita jimla sau uku, na dakata kamar yadda na rubuta. Ban ankara ba sai na ga ta miƙa hannu ta tura itace cikin murhu.

"Ja'iri," ta ce tana dariya, "har shirun nawa ka sace? Ci gaba, ɗaurin gidanmu ne."

Ban iya ci gaba ba, hawaye ya hana ni.

Iya ta rasu shekarar da ta biyo. Har yau in masu tambaya suka ce wa ya koya mini rubutu, nakan ce wata tsohuwa ce a Dayi da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Allah Ya jiƙanta. Ita ta buɗe mini ƙofa ranar da na dawo da yaren can.