Ruwan da Na Ba Inabin Kakana

Jiya a kasuwar Kura wata mai talla ta miƙo mini ƙwayar inabi in ɗanɗana. Salam, babu komai sai ruwa. Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Kakana na wajen uba yana da kurangar inabi uku a kan tudu, bayan gidanmu, inda ƙasa duk tsakuwa ce, ruwan sama ba ya kwana. 'Ya'yan ƙanana ne, amma zaƙinsu har maƙogwaro yake kamawa. Yakan ce ba shi yake dafa su ba, tsakuwar ce da gangaren da ranar bazara. Da sun fara nuna sai ya ɗauke musu ruwa ɗungurungum.

Da ruwan dam ya iso garinmu, babanmu ya dasa reshensu a fadama kusa da tumatirinsa, suka yi ɓul-ɓul. Sai ya matsa a sare na tudu a kafa rumfar ajiye albasa. Musu ya ƙi ƙarewa, har suka yanke cewa bana liman zai ɗanɗana duka biyun. Idan na tudu bai fi ba, a sare.

Ni kuwa ina 'yar shekara tara, uwar shisshigi. Na ga ganye ya yi yaushi, tausayi ya kama ni. A garinmu wa yake barin shuka da ƙishi ga ruwa yana wucewa? Kullum da hantsi, idan Kaka ya zauna karatu a zaure, sai in sunkuci tulu in tuttule musu. Mako uku ina wannan aika-aika, wai taimako nake.

Ranar ɗanɗano liman ya tauna na fadama, ya tauna na tudu, ya kasa bambance su. Kaka ya tsinki ɗaya da kansa. Ya daɗe yana taunawa, ya sake tsinkar wani.

"Ashe ni ne na tsufa," ya ce. "Ku sare."

Ina tsaye a wurin, tsoron bulala ya ɗinke mini baki. Daga ranar bai sake sa baki a maganar gona ba, ko an tambaye shi sai ya ce a tambayi yara. Damina biyu ya ƙara a duniya.

Yanzu tudun nan gidaje ne, fadamar kuma shinkafa. Ni ma na yi jikoki, amma abin yana cina har gobe. Tsohon nan ya san ƙasarsa sarai, kuma ya tafi kabari yana zaton bai sani ba.