Rabin Umarnin Ogutu

Ogutu Rabuor na Kisumu mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Shekara tara yana kula da wata 'yar manhaja da ƙananan asibitocin bakin tafki ke ajiye ranakun rigakafin yara a cikinta, shi da abokiyar aikinsa Awino.

Wata rana ma'aikatan asibitocin suka roƙi a ƙara musu umarnin da zai gyara ranaku da yawa a lokaci guda. Aikin wata uku ne cur. Ogutu ya ga zai iya rabinsa cikin mako: manhajar za ta gane sharaɗi ɗaya, amma in an ba ta biyu, sai ta yi biris da na biyun.

"Omera," in ji Awino, wato ɗan'uwa, tana tsoma mandazi, irin fankensu na can, a shayi, "in ba ta gane ba, ta buɗe baki ta ce ba ta gane ba mana."

"Haba nyamera," in ji Ogutu, wato 'yar'uwa, "kin cika tsoro! Da babu gara ba daɗi. Zan rubuta gargaɗi a littafin bayanin manhajar."

"A shafi na arba'in? Kai kanka yaushe rabonka da karanta shi?"

Ya yi dariya, ya saki abinsa. Aka yi ta yaba masa, shi kuwa kai ya kumbura.

Bayan wata biyar, wata ma'aikaciya ta so ɗage ranar allurar ƙyanda ta ƙauye ɗaya tak. Manhajar ta karɓi sunan allurar, ta yi watsi da sunan ƙauyen, ta aika wa iyayen ƙauyuka goma sha biyu saƙon sabuwar rana. Mata suka taka sayyada da goyo tun safe, suka tarar babu allura. Da aka sake kiransu, da yawa suka ce an yi musu sau ɗaya, ya isa.

Labarin ya iso wa Ogutu. A ranar ya cire umarnin. Yanzu in an ba manhajar abin da ya fi ƙarfinta, sai ta rubuta: "Ban iya wannan ba." Minti biyu ya ɗauke shi rubuta layin.

Yara goma sha bakwai ba a sake ganinsu a layin allura ba. Har yau, in ya ji an ce ƙyanda ta ɓulla a wani ƙauye, ba ya iya cin abinci sai ya tambayi sunan ƙauyen.