Hantar ragon da na gasa wa Malam

Kwana uku da layya, da rana tsaka, maigidana ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema a gidan nan?"

Muna Malali lokacin, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ciwon hanta ya kwantar da Malam, ciki ya kumbura, jiki ya zube. Ni kuwa na dage da ɗura masa nama safe da yamma. Har hantar ragon na gasa masa, wai ta gyara tasa.

Hannunsa na karkarwa, sai gyangyaɗi yake yi. Maƙwabta suka ce iska ce, a yi hayaƙi. Na ce a'a, asibiti.

Likita ya tambaye ni me yake ci. Na lissafa masa, har da alfaharina.

Ya ce, "Uwargida, nama in ya narke a ciki yana barin wani dafi, hanta ce ke wanke shi. Tasa ta gaji, shi ne dafin ya bi jini ya hau kai."

Na ce, "Likita, wato ni ce?"

Ya ce, "Rage naman dai, a yi addu'a."

Aka yi ta wanke masa ciki. Rana ta huɗu ya buɗe ido ya ce, "Hauwa, kokon nan ya yi ruwa." Na fashe da kuka.

Ku fa, kun taɓa cutar da naku garin jinya?