Kyamarar da Ke Yi wa Mai Hoto Gardama

Waɗanda suka san Mai Hoto sun yi ittifaƙi a kan abu biyu: cewa shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ɗaukar fuskokin mutane a shagonsa da ke tsakanin kantin magani da teburin mai gyaran agogo, da kuma cewa a duk hotunan da ya jera a bango babu na matarsa ko ɗaya. Na farkon yakan faɗe shi da alfahari. Na biyun ma shi yake fara faɗa, don kada wani ya riga shi.

Kyamarori uku ya mallaka, dukkansu na fim, irin na dā waɗanda ba ta idon kyamarar ake leƙawa ba. Wata 'yar taga ce daban a sama. In mutum ya leƙa, zai ga abin da zai ɗauka ya rabu biyu a tsakiya, sai ya yi ta murza idon har biyun su haɗu su zama ɗaya. Akwai 'yar Jamus, mai nauyi da sanyi a hannu, wadda in an danna ta da ƙyar ake jin motsinta. Akwai 'yar Rasha, mai ƙara kamar an datse ƙofar ƙarfe, mai kuma doka guda: duk wanda ya sauya mata gudu kafin ya ja fim, to ya shirya jinya. Sai 'yar Japan, ƙarama mai batir, wadda ya raina ƙwarai, domin in ta ga haske bai isa ba sai ta ƙi dannuwa. "Ni da sana'ata," yakan ce, "ƙarfe ne zai koya mini haske?"

Asalin rashin hoton Malama, matarsa, sananne ne. Ranar da ta karɓi takardar shaidar koyarwa, cikin rigar aro da za a mayar kafin la'asar, ya ɗauko 'yar Jamus ya zagaye ta da ita, yana durƙusawa yana miƙewa, har sau talatin da shida. Da ya wanke fim ɗin, sai ya same shi fayau, babu ko inuwa. Murfin idon kyamarar ne bai cire ba. Irin waɗannan kyamarori ba sa tona wannan asiri, tunda tagar leƙe tana nuna duniya tsaf ko da ido a rufe yake. Malama ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ba za ta sake tsayawa gaban kyamararsa ba, kuma da yake malamar lissafi ce, ba ta saba sauya amsa ba. Haka aka yi shekara talatin da takwas.

Da yanar ido ta fara rufe masa idon dama, har fuskoki biyun nan na cikin taga suka soma wuyar haɗuwa, sai ya roƙe ta ta yi masa afuwa kafin lokaci ya ƙure. Ta amince da sharaɗi: ranar Asabar da hantsi, a bakin shago, dannawa ɗaya tak.

Kwana uku ya yi da kyamarorin a jere bisa tebur yana auna su. Mai agogo, abokinsa tun suna samari, ya jawo kujera ya zauna kallo.

"Wai har yanzu ba a gama zaɓen ba? Ko sai an kira 'yan sanda?"

"Kai dai ka san allurar agogo, ka tsaya a nan. 'Yar Rasha ta fita, tagarta ta yi duhu, ni ma na yi duhu, makafi biyu ba sa yi wa juna jagora."

"To ɗauki sarauniyar taka mana."

Mai Hoto ya ɗaga 'yar Jamus, ya shafa ta, ya danna ta a kusa da kunnensa. Babu abin da ya fi ƙauna a shagon nan. Ya daɗe yana juya ta, sa'an nan ya ajiye.

"Tana bukatar mai," ya ce.

"Wane irin mai? Ni na sa mata da hannuna watan jiya!"

"To ya yi yawa ke nan. Ba ni batir ƙarami."

Mai agogo ya yi dariya har da tari, amma ya kawo batirin.

Ranar Asabar Malama ta iso a kan lokaci, ta tsaya a gindin allon shagon, jakarta a hannu kamar mai jiran mota. Mai Hoto ya gyara mata tsayuwa, ya ja da baya taku huɗu, ya leƙa da idon hagu. Ya murza, ya sake murzawa, har Malama biyu suka zama Malama ɗaya. Ya riƙe numfashi ya danna. 'Yar Japan ta ƙi.

Ya sake dannawa, ta sake ƙi.

"Kun gani ko? Hantsi ya ɗaga, haske kamar ya fasa ido, amma wannan 'yar rainin hankali…"

"Malam," Malama ta ce, ba ta ko motsa ba. "Murfin."

Ya juyo da kyamarar ya duba. Murfin na nan daram. A kusa da idon ne ma'aunin haskenta yake, don haka duhu ta gani, ta kuwa tsaya a kan gaskiyarta. Mai agogo ya shige ƙarƙashin teburinsa, wai allura ta faɗi. Ita kuwa Malama dariyar da ta danne shekara talatin da takwas ce ta ƙwace mata, kuma a daidai lokacin Mai Hoto ya cire murfin ya danna.

Hoton yana nan a bangon shagon, sama da na kowa. Ya ɗan karkace, kuma ƙwararre zai ce allon ya fi fuskar fitowa sarai. In aka tambayi Mai Hoto wacce ya fi so cikin ukun, yakan yi dogon bayani a kan ƙirar 'yar Jamus, ya ce ba a yi kamarta ba, ba kuma za a yi ba. Daga nan sai ya taɓa 'yar Japan da ke rataye a wuyansa.

"Waccan biyayya take yi mini," yakan ce, "kuma kowa ya ga inda biyayya gare ni take kai mutum. Abu biyu ne suka taɓa ce mini a'a a rayuwa, na auri ɗaya, na rataya ɗaya."